Babi na Tara: Motocin Lantarki da Tashoshin Cajinsu a Kudancin Birnin Kaduna

9.0 Gabatarwa

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya bayyana cire tallafin man fetur a cikin jawabinsa na kama mulki. Kafin wannan rana, farashin litar fetur a hukumance bai kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki sai ya haura naira 500, kuma kafin ƙarshen shekarar 2024 ya zarce naira 1,000. Babu wanda wannan tashin farashi bai taɓa ba, tun daga ma'aikacin da ke fitowa daga Sabon Tasha kullum safiya ya ƙetare gada zuwa ofis, har zuwa direban keke mai ƙafa uku da ke kai kuɗin balas ga maigidansa kowace yamma. Daga wannan lokaci ne zancen motocin da ke aiki da lantarki ya fita daga shafukan jaridu, ya shiga tashoshin mota da majalisun hira.

Wannan babi zai yi nazarin irin waɗannan ababen hawa, tare da ɗaukar yankin da ke kudu da Kogin Kaduna a matsayin misali. Babban abin da ake son ɗalibi ya riƙe shi ne, alfanun motar lantarki ya rataya ne a kan inda wutar da take sha ta fito. Saboda haka samar da wutar da gina wurin caji su ne kan gaba, sannan sayen mota ya biyo baya, domin Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. An kawo darasin cikin kwas ɗin Hausa ne saboda wajibi ne malamin Hausa ya iya bayanin al'amuran zamani da harshen da yake koyarwa.

9.1 Manufofin Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

i. Bayyana yadda motar lantarki take aiki da abin da ya bambanta ta da mai amfani da fetur.
ii. Kawo hanyoyin samun wutar caji tare da tantance amfani da illar kowace.
iii. Fayyace nau'o'in tashar caji da sharuɗɗan kafa ta.
iv. Yin lissafin yawan farantan sola da ƙaramar tasha take bukata.
v. Amfani da keɓaɓɓun kalmomin wannan fanni cikin daidaitacciyar Hausa.

9.2 Kudancin Kaduna: Unguwannin Injuna

Kogin Kaduna ya raba birnin Kaduna gida biyu. A arewacinsa ne ake samun gidan gwamnati da yawancin ma'aikatu da babbar kasuwa. A kudancinsa kuwa akwai Kakuri da Makera da Nasarawa da Kudenda da Barnawa da Narayi da Unguwar Telebijin da Sabon Tasha da Gonin Gora. Tun kafin samun 'yancin kai aka ware wannan ɓangare domin masana'antu, saboda kusancinsa da mahaɗar jirgin ƙasa da kuma ruwan kogi.

A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, sannan wasu masaƙu irin su UNTL da Arewa suka biyo baya. A 1964 aka kafa ma'aikatar ƙera makamai ta DICON. A 1975 kamfanin Peugeot, wanda Hausawa ke kira Fijo, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, kuma daga nan ne ƙirar 504 ta bazu a duk faɗin Nijeriya. A 1980 aka buɗe matatar mai a kan hanyar Kachia, wadda daga bisani ƙarfinta ya kai tace ganga 110,000 a rana.

Sai dai al'amura sun sauya. An rufe KTL a 2002, UNTL ma ta dakatar da aiki a 2007, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Matatar man ita ma ta shafe shekaru ba ta tace komai. Daga cikin dalilan durƙushewar masaƙun akwai fasa-ƙwaurin atamfofi daga waje, da ƙarancin wutar lantarki, da tsadar baƙin man da ake kunna tukwanen tururi da shi. Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake: komai kyan inji, idan babu tabbataccen makamashi, ƙarfe ne kawai a ajiye.

Duk da haka, wancan zamani ya bar wa yankin gadon abubuwa uku masu amfani ga batun da ake nazari. Na farko, ɗimbin makanikai da masu gyaran wayar mota da maƙera. Na biyu, manya-manyan rufuna da filaye na masana'antu waɗanda rana ke dukansu tun hantsi har la'asar. Na uku, layukan wuta masu ƙarfi da aka ja domin masana'antun. Bugu da ƙari, yawancin zirga-zirgar yankin gajera ce, kamar daga Sabon Tasha zuwa garejin Telebijin, ko daga Kakuri zuwa Barnawa, kuma irin wannan kai-komo shi ya fi dacewa da abin hawa mai batir.

9.3 Yadda Motar Lantarki Take Aiki

Idan aka ce motar lantarki, ana nufin duk abin hawan da ƙarfin wutar da aka tara a batir ne ke juya ƙafafunsa, ko babur ne, ko keke mai ƙafa uku, ko ƙaramar mota, ko bas. Ba sabuwar ƙirƙira ba ce. Tun a 1859 wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro batirin dalma da ake iya sake caji, kuma a farkon ƙarni na ashirin akwai motocin lantarki a titunan Amurka da Turai. Arahar fetur da nauyin batir ne suka kawar da su. Abin da ya farfaɗo da su shi ne batirin litiyom, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Irinsa ne ke cikin wayar hannu.

Muhimman sassan motar lantarki huɗu ne:

a. Batir: shi ne a madadin tankin mai.
b. Inbata: na'urar da ke sauya wutar batir zuwa irin wadda injin ke bukata.
c. Injin lantarki: shi ke mayar da wutar ta zama juyi.
d. Kafar caji: inda ake jona waya domin cika batir.

Ke nan babu fulogi, babu kafireta, babu salansa, babu juyen baƙin mai. Haka kuma idan direba ya taka birki, injin yakan koma yana samar da wuta, ya mayar da wani kaso cikin batir. Injin fetur yana ɓarnatar da mafi yawan ƙarfin man da ya ƙona ta hanyar zafi da hayaƙi, abin da ke kaiwa ga ƙafafu bai cika kai kashi ɗaya cikin uku ba. A motar lantarki kuwa, kimanin kashi uku cikin huɗu na wutar da aka zuba yana zama tafiya.

Akwai ma'auni biyu da ya kamata a bambance. Kilowat shi ne ƙarfin kwararar wuta, tamkar faɗin bakin famfo. Kilowat-awa kuwa shi ne adadin wutar da ta taru, tamkar yawan ruwan da ya shiga jarka. Na'ura mai ƙarfin kilowat 2 idan ta yi aiki awa 3, ta sha kilowat-awa 6. Wannan ma'auni na biyu shi ne abin da masu mita ke kira yunit. Kilowat 1,000 kuma shi ne megawat ɗaya.

9.4 Daga Ina Wutar Za ta Fito?

Hanyoyi uku ne mai motar lantarki a Kaduna zai iya samun wutar caji.

9.4.1 Babban Layin Wuta na Ƙasa

Mafi yawan wutar da ke kan babban layin Nijeriya ana samar da ita ne ta ƙona iskar gas a kudancin ƙasa, ragowar kuma daga madatsun ruwa. Abin sha'awa shi ne, biyu daga cikin manyan madatsun suna kan Kogin Kaduna ne. Wannan kogi da ya taso daga tsaunukan Jos ya ratsa birnin Kaduna, idan ya gangara Jihar Neja shi ne ke juya injunan Shiroro, mai ƙarfin megawat 600, wadda aka buɗe a 1990, da na Zungeru, mai ƙarfin megawat 700, wadda aka kammala a 2023. Wutar Shiroro kan dawo Kaduna ta babban layin da ke sauka a tashar Mando. Wato ruwan da ya wuce ta ƙarƙashin gadar Kaduna yana iya komowa garin a siffar lantarki. Wannan makamashi ne mai sabuntuwa, domin kowace damina tana sake cika madatsa.

Matsalar ita ce ƙaranci da rashin tabbas. Abin da babban layin ke rabawa ga al'ummar da ta haura miliyan 200 yakan tsaya ne tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000. Tashar wuta ta Kudenda, mai ƙarfin megawat 215, wadda aka ba da kwangilarta a 2009, ta shafe fiye da shekara goma ba ta fara ba da wuta ba. A watan Oktoba na 2024 kuma, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ke kawo ɗauki ta Jihar Binuwai ya samu matsala, jihohin Arewa da dama sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Da a ce duk kekunan Kaduna da wannan layi kaɗai suka dogara, da sufuri ya tsaya cik a waɗannan kwanaki.

9.4.2 Janareta

Hanya ta biyu ita ce wadda jama'a suka saba komawa gare ta idan an ɗauke wuta. Ƙaramin janareta mai amfani da fetur ba ya ba da abin da ya wuce kimanin kilowat-awa 2 daga kowace lita. Kamar yadda za a gani a lissafin da ke tafe, man da zai ƙona kafin ya cika batirin keke ya fi wanda keken fetur zai sha a tafiya iri ɗaya. Hayaƙin ma bai gushe ba, an dai ɗauke shi daga titi an kai shi bayan gida. Wannan shi ne an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

9.4.3 Hasken Rana

Hanya ta uku ita ce sola. Allah ya albarkaci Arewacin Nijeriya da hasken rana mai yawa, inda kowace murabba'in mita ke samun kimanin kilowat-awa 5 zuwa 6 a yini. Farantin sola yana mayar da wani kaso na wannan haske ya zama lantarki, ba tare da ƙara ko hayaƙi ba, kuma farantin kirki yakan yi shekara ashirin ko fiye yana aiki. Rauninsa shi ne ba ya aiki da dare, yana raguwa idan hadari ya rufe sama a watan Agusta, haka ma idan ƙurar hunturu ta lulluɓe shi. Don haka tsari mafi dacewa ga Kaduna shi ne na gamin gambiza: sola ta ɗauki nauyin rana, babban batir ya ajiye rarar da za a yi amfani da ita da dare, layin ƙasa kuma ya cike giɓi a lokacin damina, wanda dama shi ne lokacin da madatsu ke cika.

9.5 Tashar Caji da Nau'o'inta

Tashar caji ita ce a madadin gidan mai. Ana iya karkasa ta gida huɗu.

Na farko, cajin gida. Ana jona abin hawa a soket na yau da kullum mai ƙarfin kilowat 2 zuwa 3. Ya wadatar ga babur ko keke idan aka bar shi ya kwana, amma mota mai batirin kilowat-awa 64 za ta haura awa ashirin kafin ta cika.

Na biyu, matsakaicin caji, mai ƙarfin kilowat 7 zuwa 22. Ya dace da wuraren da mota ke daɗewa a tsaye, kamar ofis da makaranta da asibiti da otal.

Na uku, cajin gaggawa, mai ƙarfin kilowat 50 zuwa sama, wanda ke iya cika mafi yawan batirin mota cikin abin da bai wuce awa ɗaya ba. Irinsa ake bukata a bakin manyan hanyoyi, kamar mafitar Gonin Gora ga mai niyyar tafiya Abuja, tafiyar da ta kusa kilomita 200. Yana da tsada, kuma yakan bukaci tiransifoma ta kansa.

Na huɗu, musayar batir. A nan direba ba ya jira. Yana miƙa batirin da ya ƙare, a ba shi cikakke cikin 'yan mintoci, ya biya kuɗin wutar kawai, kamar yadda ake musayar tukunyar gas. Wannan tsari ya fi dacewa da masu haya, domin kowace awa da direba ya yi a tsaye asara ce. Haka kuma ya dace da sola, tun da ana iya cajin baturan da ke ajiye da tsakar rana, lokacin da haske ya fi ƙarfi.

Kafin a kafa tasha dole a duba abubuwa biyar: wurin da direbobi suka riga suka saba tsayawa, rufi ko filin da inuwa ba ta rufe shi, kusanci da layin wuta mai ƙarfi, tudun da ambaliya ba ta kaiwa, da kuma tsaro. Sharaɗi na huɗu yana da muhimmanci a Kaduna, saboda unguwannin da ke gaɓar kogi sun sha fama da ambaliya a ƙarshen damina.

9.6 Misali a Aikace

A ɗauka wata ƙungiyar direbobi tana da keken lantarki 20 da ke jigila tsakanin Kakuri da Sabon Tasha. Alƙaluman da ke biye na kwatance ne domin koyon lissafi, an kuma daidaita su don sauƙin aiki.

Mataki na ɗaya: a ce kowane keke yana tafiyar kilomita 100 a yini, yana shan kilowat-awa 10. Saboda wani kaso na wuta yakan salwanta a wajen caji, sai an zuba kilowat-awa 12.

Mataki na biyu: keke 20 sau 12 ya ba da kilowat-awa 240 a kullum.

Mataki na uku: farantan da ƙarfinsu ya kai kilowat ɗaya sukan ba da kimanin kilowat-awa 4 a yini, bayan an cire asarar zafi da ƙura da waya. Idan aka raba 240 gida 4, za a samu kilowat 60.

Mataki na huɗu: idan kowane faranti mai ƙarfin rabin kilowat ne, ana bukatar faranti 120. Kowanne yana cin kimanin murabba'in mita biyu da rabi, jimla murabba'in mita 300, wato rufi mai faɗin mita 15 da tsawon mita 20. Rufin sito guda na tsohuwar masaƙa ya ninka wannan sau da yawa.

Yanzu a kwatanta kuɗi. Keken fetur yakan sha kimanin lita 4 a kilomita 100. Idan lita tana naira 1,000, an kashe naira 4,000. Idan an yi caji da wutar layi a kan naira 225 kowane yunit, wato farashin da aka sanya wa masu samun wuta awa 20 a watan Afrilu na 2024, yunit 12 zai ci naira 2,700. Idan kuwa da janareta aka yi, za a ƙona lita 6, wato naira 6,000. Keke ɗaya ne, tafiya ɗaya ce, amma mafarin wutar ya sa an samu riba a nan, an tafka asara a can. Ita sola ba a sayen haskenta, nauyinta yana wajen kuɗin kafawa, wanda ake rabawa a kan shekarun da kayan za su yi suna aiki.

9.7 Abin da Aka Riga Aka Yi

A Nijeriya, Hukumar Ƙira da Bunƙasa Motoci ta Ƙasa, NADDC, ita ta fara gwada wannan tsari. A watan Afrilu na 2021 ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, sannan ta kafa irinta a Jami'ar Legas da Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka. Shugaban hukumar a wancan lokaci, Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato ne da aka haifa a Kaduna, kuma shi ne ya zana siffar farko ta motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka. Kafin nan, a 2020, kamfanin Stallion ya fito da motar lantarki ƙirar Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas. A Maiduguri kuma, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan bas-bas yana sanya musu batir da injin lantarki. Wannan aiki nasa ya nuna cewa makanikan gida za su iya, idan sun samu horo da jari.

A duniya, motocin lantarkin da aka sayar a 2024 sun haura miliyan 17, kuma fiye da rabinsu a ƙasar Sin. A Nowe, kusan tara cikin kowace sabuwar mota goma da aka saya a wannan shekara ta lantarki ce, kuma kusan duk wutar ƙasar daga madatsun ruwa take. Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da na dizal a 2024, tana dogaro da wutar madatsunta. A Ruwanda da Kenya da Jamhuriyar Benin, 'yan acaɓa da dama sun koma musayar batir. Abin lura a misalan Nowe da Habasha shi ne, wutar ce ta riga motar zuwa.

Ta fuskar doka, Nijeriya ta yi alƙawari a taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021 cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa nan da 2060. Dokar Lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da kansu, abin da ya buɗe ƙofa ga ƙananan tashoshin sola masu zaman kansu.

9.8 Matsaloli

Matsala ta farko ita ce tsadar saye. Batir ne sashe mafi tsada, kuma daga waje ake shigo da shi, don haka faɗuwar darajar naira tana ƙara masa kuɗi. Direban da ke neman na cefane ba zai iya biya a dunƙule ba, sai ta hanyar biya kaɗan-kaɗan, ko ta tsarin musaya inda batirin mallakar tasha ne.

Ta biyu ita ce zafi. Zafin bazara yana rage wa batirin litiyom kwana, kuma batir maras inganci ko wanda aka yi wa haɗin waya na ganganci yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Tasha tana bukatar inuwa da iska da kayan kashe gobara.

Ta uku ita ce tsofaffin batura. Batirin dalma idan aka fasa shi a tsakar gida guba ne, musamman ga yara. Al'ummar Arewa ba ta manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga dutsen zinare ta hallaka yara fiye da 400. Wajibi ne a tanadi hanyar tattara matattun batura tun kafin su yi yawa.

Ta huɗu ita ce makomar sana'o'i. Mai juyen baƙin mai da mai gyaran kafireta da mai sayar da fetur a galan aikinsu zai ragu, yayin da na mai gyaran waya da mai haɗa sola zai ƙaru. Idan ba a sake horar da na farko ba, yankin da ya ɗanɗana rufe masaƙu zai sake ganin wani rukunin marasa aiki.

9.9 Malamin Hausa da Kalmomin Fannin

Kowace sabuwar fasaha takan zo da kalmominta, kuma Hausa tana da hanyoyi sanannu na karɓar su. Hanya ta farko ita ce aro tare da gyaran furuci, kamar batir da caji da sola da inbata da janareta. Ta biyu ita ce faɗaɗa ma'anar kalmar da ake da ita. Kalmar wuta asalinta ta murhu ce, amma ta ɗauki ma'anar lantarki. Faranti na cin abinci ne, yanzu ya zama na tara hasken rana. Ta uku ita ce harhaɗa kalmomi domin bayyana ma'ana, kamar makamashi mai sabuntuwa, da tashar caji, da musayar batir.

Abin da ake so ga malami shi ne ya fara sauraren masu sana'a kafin ya ƙirƙiri tasa kalmar. Idan makanikan Kakuri sun riga sun raɗa wa wani sashe suna kuma ya karɓu, babu hikima a kawo wani daga littafi. Inda babu suna, sai a zaɓi wanda yake gajere, mai sauƙin furtawa, wanda kuma ya bi ƙa'idar ginin kalmar Hausa. A wajen koyarwa, wayar hannu ita ce kayan aiki mafi sauƙi, domin kowane yaro ya san caji, ya san mutuwar batir, ya kuma san shagon mai cajin waya a unguwarsu. Daga wannan sani sai malami ya ja shi zuwa keke, daga keke zuwa bas.

9.10 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa kudancin Kaduna yanki ne da ya taso da injuna, ya kuma ga yadda ƙarancin makamashi ya taimaka wajen kashe su. An bayyana sassan motar lantarki, da hanyoyi uku na samun wutar caji, da nau'o'in tasha huɗu. Lissafin da aka yi ya nuna cewa rufi mai murabba'in mita 300 zai iya ciyar da keke 20, kuma caji da janareta ya fi sayen fetur tsada. Saboda haka matakin da ya fi kusa ga yanki irin wannan shi ne a fara da ƙananan ababen hawa na haya, a kafa musu tashoshin sola a wuraren da suka saba tsayawa, a haɗa su da layin ƙasa, a kuma horar da makanikan da za su kula da su.

9.11 Tambayoyin Bita

1. Kawo bambanci huɗu tsakanin motar lantarki da motar fetur.
2. Mene ne bambancin kilowat da kilowat-awa? Kawo misali da ba a ambata a darasin ba.
3. Yi bayanin dangantakar Kogin Kaduna da wutar lantarkin da birnin Kaduna ke samu.
4. Me ya sa musayar batir ta fi dacewa da direbobin haya?
5. Idan kekuna 35 ne a tasha, faranti nawa ake bukata bisa alƙaluman da ke sashe na 9.6?
6. Tattauna ma'anar karin maganar nan, ba a fafe gora ranar tafiya, dangane da batun wannan babi.

9.12 Aikin Yi

a. Ɗalibai su ziyarci garejin makanikai ko shagon masu haɗa sola mafi kusa, su tattaro kalmomi ashirin da ake amfani da su, sannan su karkasa su zuwa na aro da na faɗaɗa ma'ana da na harhaɗawa.
b. Kowane ɗalibi ya tsara darasin minti arba'in ga aji biyu na ƙaramar sakandare a kan taken "Daga Hasken Rana Zuwa Ƙafar Keke".